Kwanukan Inna da Na Liƙe da Gam

Sallah uku muka yi a unguwar Shisha ta Makka, mahaifiyata ba ta karɓi baƙo ko ɗaya ba. Inna muke ce mata. Tun da aka rushe layinmu na unguwar Misfala muka tare a wata shagga, wato sashen bene, a hawa na huɗu, ni da ita, yayana da iyalinsa suna ƙasa da mu. Ranar idi takan yi wanka, ta yi sallarta, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Duk wanda ya zo gaisuwa ni ke tsayawa a bakin ƙofa ina ƙirƙiro masa uzuri. Wallahi na gaji da yi wa mutane ƙarya ranar Sallah.

In ka tambaye ta dalili, amsarta ɗaya ce: "Nan ai masauki ne. Wa ya taɓa karɓar baƙi a masauki?" Matar da a Misfala sai ka tsallake takalma kafin ka shiga ɗakinta, ita ce ta koma haka. Abin yana ci mini rai, ina kuma jin tsoro, don na ga yadda take ramewa a cikin shirun nan.

Kamar wata uku kafin azumi, ina latse-latsen waya a wurin aiki, na ci karo da wata Baturiya tana gyara gidanta saboda Kirsimeti. Ba bikinmu ba ne, a Makka ko alamarsa ba a gani, amma na kasa wucewa. Ba sabon kaya ta sayo ba. Wani tsohon kwali ta janyo, ta dinga fito da tarkacen kakarta, wasu duk sun koɗe, tana ratayewa tana ba da labarinsu. Abin da take tsoron zai faɗo kuwa sai ta ɗiga masa gam mai zafi ta manna. Na ce a raina, to ai mu ma muna da kwali.

Kwalayen Inna huɗu ne, suna ɗakin ajiya a saman bene, ba wanda ya buɗe su tun ranar da muka tare. Da na nemi makulli wurin yayana sai ya yi dariya.

"Ke dai da neman wahala. Bari in kira masu ado su rataya fanus da fitilu, halas, shi ke nan."

"Yaya, Inna ba fitila ta rasa ba. Ɗakinta ta rasa."

"To yalla, ki yi. Amma kada ki huda bango ko da ƙusa ɗaya, gidan haya ne."

A goman ƙarshe ta azumi na ɗaura ɗamara. Kullum bayan azahar, in Inna ta kwanta, sai in shiga falo in kulle. Na tura kujerun nan masu ruwan toka gidan yayana, matarsa tana ta murna. Na shimfiɗa tabarmi, na jera matasan da Inna ta ɗinka da hannunta. Na fito da faya-fayai masu ja da kore na manna a bango, na goge fitilar ƙwai, na ajiye kaskon turare a lungu. A kwali na ƙarshe na tarar da abin da nake nema, kwanukan samira goma sha ɗaya masu murfi, wasu na kakata ne daga Kano, wasu alhazan da suka sauka gidanmu ne suka kawo tsaraba. Bakinsu duk ya ɗan ɓare, amma furannin suna nan.

Na sayo kanta mai tsayuwa da ƙafarta, na yi jere kamar yadda nake ganinsa a idona, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Sai na tuna 'ya'yan yayana, waɗanda in sun shigo gida kamar an saki awaki. Na sayo gam irin na Baturiyar nan. Na liƙe kowane murfi a kan kwanonsa, na liƙe kowane kwano a kan katako. Na jijjiga kantar, ko motsi ba su yi ba. Har na yaba wa kaina.

Saura kwana biyu Sallah, bayan la'asar, na kunna turare na kamo hannun Inna. Ta tsaya a bakin falo tana kallo. Ta shafa faifai, ta taka tabarma da ƙafa ba takalmi, ta ja numfashi. Na ce yauwa, haƙata ta cimma ruwa. Sai ta nufi jeren, ta miƙa hannu ga wani koren kwano. Ya ƙi tasowa. Ta ja da ƙarfi, kantar duka ta girgiza.

"Me kika yi musu?"

"Gam na sa, Inna, don kada yara su ture."

"Gam." Ta juyo ta yi mini kallon tara saura kwata. "To ranar Sallah da me za a kai wa mutane abinci? Wannan koren ba ke ce kike ɗaukarsa zuwa gidan mai kitso ba, kina tafiya kina lasar miyar da ta zubo?"

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, don gaskiya ta faɗa. A Misfala kowane kwano yana da gidansa. Da safiyar Sallah ake sauke su a cika da tuwo da miya, a kai wa maƙwabta, kuma ba ya dawowa wayam, sai an zubo abin da gidan suka dafa. Kafin azahar kantar Inna duk gurabe ce. Ni da na yi shekaru ina wannan aike, abin da ya zauna mini a kai kawai shi ne yadda suke sheƙi a jere ana gobe Sallah.

"Na ɗauka gida kika tuna," in ji Inna. "Ashe hotonsa kika tuna." Ta koma ɗaki ta ja ƙofa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma bai kai minti biyar ba haushi ya kore shi. Taurin kai a wurinta na gada. Washegari da azumi a bakina na zauna da ruwan zafi da wuƙa, ina ɓanɓarar gam. Fatar katakon ta biyo wasu, na yanke a yatsa, na ƙone a wani. Kafin azahar kwanuka sha ɗaya suna buɗewa suna rufewa. Na ɗauki takarda da biro na ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Inna, faɗa mini na gidan wa da wa ne."

"Sun watse."

"Na san sun watse. Ki faɗa mini kawai, ni zan nemo su."

Ta yi tsaki, amma ta faɗa, kuma ba ta yi tuntuɓe a ko ɗaya ba. Huɗu sun rasu. Biyu sun koma gida, ɗaya Katsina ɗaya Maraɗi. Saura biyar, ciki har da ƙanwar babana da ke unguwar Jarwal, wadda muke kira Goggo. Wurinta na nufa, don ba wanda ya taɓa zama a layinmu da ba ta san inda ya koma ba.

Goggo ta saurare ni ta tafa hannu. "Ke? Ke da ko shayi sai ya kama a hannunki, ke ce za ki ciyar da gida biyar?" Ta yi mini tsiya son ranta, sannan ta kwatanta mini gidajen ɗaya bayan ɗaya. Na mai kitso ne kaɗai ba ta da tabbas. Ta ce ta san benen da suka koma, amma ta fi shekara ba ta ji ɗuriyarta ba.

Da asubar Sallah na ɗora tuwon shinkafa da miyar taushe. Ina cikin tuƙi na ji mutum a bayana. Inna ce, ta leƙa tukunya ta ce gyaɗar ta yi yawa, kabewar kuma ban bari ta narke ba. Ta karɓi ludayi ta gyara, ta zuba wa kowane kwano da hannunta. Amma da na ce ko za ta sa sabon kayanta ta zauna a falo, sai ta ce in bar ta ta huta.

Na jera kwanuka biyar a bayan mota, na tokare su da tawul. Wanda ya san Makka ranar idi ya san abin da na gani. An rufe hanyoyin kusa da Harami, sai da na ajiye mota nesa na taka zuwa Jarwal da kwano a hannu, abaya tana harɗe ni, rana tana dukana. Zumunci a ƙafa yake, ranar na san haka a tafin ƙafata. Matar ladan na tsohon layinmu ta gane kwanonta tun kafin ta gane ni, ta rungume shi tana salati. Gida huɗu na ba su hannu da hannu. A benen mai kitso na buga ƙofa ba amsa, sai na bar wa mai gadi na kwatanta masa gidanmu a takarda.

Bayan azahar kwanuka suka fara dawowa a hannun direbobi. Na Goggo cike da dibyaza, haɗin busassun 'ya'yan itace da mutanen Makka ke yi da Sallah. Na matar ladan waina. Duk wanda ya iso sai in kai wa Inna ɗaki, ta buɗe ta ɗanɗana ta faɗi wadda hannunta bai canza ba. Amma fitowa, a'a. Na zauna ni kaɗai a kan tabarma, turare yana ta ƙonewa a banza, na fara tunanin wahalar nan duk ta tashi a tutar babu.

La'asar ta wuce aka buga ƙofa. Wata mata ce sa'ata, riƙe da koren kwanon an ɗaure shi da ɗankwali. Hausarta tana ɗingishi, rabi Larabci ne. Ta ce ita ce autar mai kitso, kuma ummi, wato mahaifiyarta, ta rasu a watan Rajab. Ta dawo daga idi ta ga kwanon wurin mai gadi ta gane shi. Ta san ba a mayar da shi haka nan, shi ne ta soya funkaso, don shi ummi take zubawa, sai dai ita ba ta iya ba.

Ban kai ga amsa mata ba na ji takun Inna a bayana. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Ta yi innalillahi, ta kama hannun matar ta ja ta zuwa falo, ta zaunar da ita a kan matashi kusa da ita. Ta kwance ɗankwalin ta buɗe murfi. Funkason ya yi baƙi a gefe, kuma bai tashi ba. Inna ta gutsura ta ci, hawaye yana zuba, ta ƙara gutsura. Suka daɗe suna magana, ita da Hausa, matar da Larabci, ni ina zuba musu shayi.

Da matar ta miƙe za ta tafi, Inna ta riƙe ta, ta juyo gare ni.

"Karɓi lambarta ki ajiye," ta ce. "Kwanon nan na gidansu ne. Baɗi ma can za shi."