Hansatu, Mai Aza Harsashin da Ba a Gani

Kullum da safe, kafin masu shagunan unguwar Mardjandafak su gama shara, Hansatu Ummaru ta riga ta haye kilando, wato babur ɗin haya, kwamfutarta a naɗe cikin leda saboda ruwa. Wani ɗan ɗaki take zuwa a Klémat, bayan shagon mai gyaran waya. In ka leƙa, ba abin da za ka gani sai baƙin allo da farin rubutu. Maƙwabta sun daɗe suna zaton katin biki take bugawa.

Aza harsashi ne aikinta. Kowace manhajar waya tana da sabar a bayanta, wato kwamfutar da ke karɓar saƙo ta ba da amsa. Da ta gaji da fara kowace sabar daga tushe, sai ta rubuta 'yar manhaja ta sa mata suna Magini. Layi ɗaya za ka buga, Magini ya fitar maka da ɗakunan aikin da ƙofofinsa, kai kuma ka zuba kaya. Kyauta ta raba shi. Da shi aka gina sabar wata ƙungiyar masu ba da jini, wadda ke tura saƙo ga wayoyinsu idan ana neman agaji. Doka ɗaya ta kafe a kai: lambobin mutanen su zauna a ma'ajiya daban, nesa da aikin.

Abdulnasir, abokin aikinta, shi ya ba ni labarin wata Laraba ta tsakiyar damina. Ya so ƙara wa sabar wani sashe, sai ya kira Magini a cikin tsohon aikin. Magini ya tambaye shi ko ya share abin da ya tarar. Hannu ya riga ido, ya danna "eh". Nan take aikin shekaru ya tafi, aka bar ginin wayam.

Bai gama salati ba wayar ƙungiya ta yi ƙara. Wani ɗan kasuwa ne, Falalu, daga Boutalbagar.

"Malam, matata Habiba ta haihu, jini ya ƙi tsayawa! Irin jininta wuyar samu gare shi. Ungozoma ta tura saƙo, shiru. Muna ƙaramin asibitin unguwa, ruwa ya tare hanya, ba mu iya fita da ita. Don Allah!"

Hansatu na wajen mai kifi lokacin da Abdulnasir ya kira ta. Ta iso jiƙe sharkaf, ledar kifin a hannunta.

"Yaya, na kashe mu," ya ce.

"Khalas, ya isa, matsa. Kukan ya jira."

Maido da tsohon aikin daga kwafin da aka adana zai ci yini guda, Habiba kuwa ba ta da yini. Hansatu ba ta ko taɓa shi ba. Ta buɗe sabon wuri, ta sa Magini ya fitar da ƙaramin gini mai ƙofa ɗaya tak: karɓi roƙo, duba ma'ajiyar lambobin da sharar ba ta taɓa ba, tura saƙo. Tana cikin rubutu aka ɗauke wuta. Batir ya soma ja. Falalu ya sake kira, wannan karon ba ya iya haɗa magana. Abdulnasir ya rantse bai ga yatsunta sun yi gaggawa ba, leɓenta kawai ke motsi da addu'a. Ta gwada, saƙo ya ƙi fita. Ta matso da fuskarta dab da allo, ta gano layin da ta tsallake, ta sake turawa.

Can sai waya ta yi ƙara: wani bakanike ne, Kamaluddeen, mai irin jinin Habiba, layi biyu tsakaninsa da asibitin. Ya ce ga shi nan, ya naɗe wando.

Habiba ta rayu. Washegari Hansatu ta cire tambayar nan daga Magini gaba ɗaya, yanzu ko ka roƙe shi ba ya shiga inda ya tarar da aiki. Abdulnasir kuwa ba ta taɓa goranta masa ba. Cewa ta yi, "Maginin da zai rushe gida don mai gida ya gyaɗa kai, shi ne mai laifi."

Ke ce, Hansatu, ginshiƙin da ke cikin bango. Ranar suna an kai wa ungozoma nama, an kai wa bakanike cinya guda, kuma sun cancanta. Ke ko ƙashi bai zo ƙofarki ba, domin ba wanda ya san akwai ki. Abin ya yi mini ciwo, ko da ke dariya kika yi.

Yanzu idanunki sun gaji, likita ya ce ki rabu da allo. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa idon haske. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, ku yi gini irin nata: ku tuna akwai rai a ƙarshen kowane layi da kuke bugawa, ku raba abin da kuka sani.

Habiba, idan wannan rubutu ya iso gare ki, akwai wata mata a Mardjandafak da ba ki taɓa gaisarwa ba. Sunanta Hansatu.