Mai Gadin Ya Modu

Ku da kuka zauna da Ya Modu a ofishinmu na unguwar Mairi kun san bai iya amsa gaisuwa ba. Ka ce "Ina kwana?" ya ce "Ta bar ka ka wuce?" Mai Gadi yake nufi, manhajar da ya ɗora mana, mai bin aikinmu layi-layi kafin a haɗa shafin intanet a sake shi. Shi fa har ƙwarangwal ɗin shafukan ya sa ta bincika, waɗanda kwamfuta ke cikawa da sunaye da maki. Tazara ɗaya ta karkace, aiki ya tsaya cak! Jiya Oga ya ce in cire ta, tunda mai ita ya rasu.

Abokiyar aikinmu Rifkatu ta taɓa roƙonsa.

"Ya Modu, ƙananan laifukan nan ka mayar da su gargaɗi mana."

"Gargaɗi? Sau nawa aka gargaɗe ki a kan latti?"

Saƙonnin kuskuren ma da kansa ya rubuta su. Ka manta rufe alama, allo ya yi ja: "Haka kake barin ƙofar gidanku?"

Ranar da wata makaranta a unguwar Umarari za ta saki sakamako a shafin da muka yi mata, iyaye sun cika ƙofa, Mai Gadi ta ƙi. Shafin wa? Na Ya Modu! Ya saka gurbin sunan ɗalibi bai tace shi yadda ƙa'idarsa ta ce ba. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

"Ka tsallake ta yau kawai," in ji Oga.

"Ranka ya daɗe, ba ta san ni ba. Haka na raine ta."

Ya karanta zagin kansa da ƙarfi, ya ce "Gaskiyarta," ya tafi sallar azahar, waya na ta ruri. Sai da ya dawo ya gyara.

Yau da safe na buɗe saitunan. Layi ɗaya zan goge mu huta, amma na kasa, don nan ne kaɗai masifarsa ta rage mana. Na ce Oga ya zo ya goge da kansa. Ya zo, ya karanta layin.

"Bar ta," ya ce, "sai an yi arba'in tukuna."

Allah Ya jiƙan Ya Modu, Ya yi masa hisabi mai sauƙi, irin wanda bai taɓa yi mana ba.