Goyon Ƙarshe na Kyakimwa

Kyakimwa tela ce. Da wannan ya kamata a fara, domin yanzu in an ambace ta a Butembo sai a ce "matar nan ta gidan raino," kamar ba ta taɓa yin komai a duniya ba sai mutuwa. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana taka keken ɗinki a bakin kasuwa, ƙarƙashin wata rumfar kwano mai yoyo, kusa da masu dankali da albasa. Gajeriya ce, mai wushirya, mai saurin faɗa da saurin hucewa. In ka kawo mata yadi ka ce gobe kake so, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Goben wa? Tawa ko taka?" Amma in ka dawo goben, a ninke za ka same shi. Aji huɗu ta yi a makaranta. Ta auri Nzanzu ɗan acaba, suka haifi 'ya ɗaya, Neema. A bayan ɗakinsu tana kiwon ɓerayen Masar, kowanne da sunansa, kuma ba ta taɓa iya yanka ko ɗaya da hannunta ba, sai dai ta kira maƙwabciya ita kuma ta shige ɗaki.

Shekarar da Ebola ta shigo gari, Nzanzu ya ɗauko wata mara lafiya daga ƙauye, ta kwanta a bayansa tun daga can har asibiti. Shi ya fara rasuwa. Neema ta bi shi, shekararta biyu da wata uku. Kyakimwa ta yi kwana goma sha tara a cibiyar jinya ta fito da ranta, da takardar shaidar warkewa, da sabuwar katifa, domin an ƙone tsohuwar. A can ciki ta san Furaha, mai suyar kifi, wadda gadonta yake fuskantar nata. Ranar da aka gaya wa Kyakimwa labarin Neema, Furaha ce ta rarrafo daga gadonta, ita ma ba ta iya tsayuwa, ta riƙe mata ƙafa har ta daina ihu. Daga nan ba su sake rabuwa ba.

Ta koma rumfarta, ta share, ta zuba wa keke mai, ta zauna. Babu wanda ya kawo ɗinki. Masu kaya a wurinta ma ba su zo karɓa ba. Wata mata da ta yi wa ɗinkin aure ta aiko a ce mata ta riƙe yadin kawai, ta bar mata. Sati uku tana zaune tana kallon mutane suna ratsewa ta bayan rumfar, sai Sista Lwanzo, wata nas da ta yi jinyarsu, ta aiko kiranta ita da Furaha.

An buɗe gidan raino a jikin cibiyar, shinge kawai ya raba su. In an kwantar da uwa, ɗanta ba shi da wurin zuwa, dangi suna tsoronsa, kuma dole a sa masa ido kwana ashirin da ɗaya a ga ko ya ɗauka. Ma'aikatan da ke cikin rigar leda da gilashi ba sa iya rarrashin jariri, ganinsu ma firgita shi yake yi. Waɗanda suka warke kaɗai aka yarda su ɗauki yara a jikinsu, domin an ce ciwon ba ya kama mutum sau biyu.

Ɗaki ne dogo na katako, gadaje goma sha biyu, taku uku tsakanin kowane gado da ɗan'uwansa, ga gangar ruwan kulorin na kashe ƙwayar cuta a bakin ƙofa. Doka ɗaya ce babba: kowace mai raino da yaronta guda, ba ta taɓa na wata. Ita mai raino ba za ta kamu ba, amma hannunta da bayanta suna iya ɗaukar ciwon daga wannan gado su kai wancan. Wanke hannu bai ba kowa wahala ba. Abin da ya gagara shi ne hannun kansa. Mace ta tashi tun tana yarinya in ta ji yaro yana kuka sai ta ɗauka, in ta ga 'yar'uwarta ta gaji sai ta ce kawo shi in goya miki. Yanzu an ce wannan alherin shi ne yake kisa.

Kyakimwa ce ta fara lura cewa zannuwan goyo duk iri ɗaya ne, in sun dawo daga wanki ba mai sanin na wa ne. Washegari ta zo da gwangwanin zarenta. Ta ba kowane gado launi, ta yi ɗinki a gefen zane, ta ɗaura zare a hannun kofi da cokali da ƙafar gado. Daga ranar ta zama mai gadin launuka. In ta hango zare ja a kusa da gadon shuɗi, har bakin titi ana jin muryarta. Matan suka sa mata Kwamanda.

"Kwamanda, yaron nan da Sifa take raino fa yana miƙo mini hannu," wata za ta ce.

"Ki miƙa masa haƙora. Murmushi ba ya ɗaukar ciwo."

A bakin ƙofar waje akwai Baba Tsongo, tsohon soja, da na'urar auna zafi wadda kowa yake kira bindiga. Shi a ganinsa auna waɗanda suka warke ɓata batir ne.

"Ga matan da mutuwa ta tauna ta tofar!" haka yake tarbarsu kullum. "Ku wuce, ku wuce."

"Baba, ɗora mini bindigar nan a goshi ka bar surutu," Kyakimwa takan ce.

"Ke me zan auna a jikinki, 'yata? Ai kin gama naki."

"Auna dai. In ba ka iya karanta lambar ba ne, faɗa mini in karanta maka."

Sai ya auna yana gunaguni, ya ce mijin da zai sake aurenta ya shiga uku.

Yara huɗu Kyakimwa ta raina suka fita lafiya kafin a kawo Mbusa. Watansa takwas. Kakarsa ce ta kawo shi a cikin bahon wanki, ta riƙo bahon nesa da ƙirjinta, tana kuka tana neman gafararsa don ba ta iya rungumarsa. Uwarsa tana cikin cibiyar, kuma a kwana na huɗu ta rasu. Yaron ya ƙi gado, ya ƙi madara, ba ya shiru sai a baya. Kyakimwa ta ba shi koren zare, ta goya shi, ta yi ta zagaya ɗakin da shi tana yi masa waƙar da take yi wa Neema. Da hantsi kakar takan zo bakin shinge, Kyakimwa ta juya mata baya don ta ga fuskarsa.

"Saura kwana nawa, 'yata?"

"Saura goma, Inna. Ki fara jiƙa wake, wannan jikan naki ci gare shi kamar ɗan dako."

Duk wanda ya warke daga ciwon nan bai rabu da ciwon kai da na gaɓoɓi ba. Kowacce a cikinsu tana da farasitamol a ƙulle a bakin zane, suna miƙa wa juna kamar gyaɗa, ba wanda yake ɗaukarsa wani abu. Ran kwana na goma sha biyu na Mbusa, suna hawan tudun da ke kaiwa wurin aiki, Kyakimwa ta tsaya ta dafe kai.

"Kan ne kuma?" in ji Furaha. Ta kwance bakin zanenta. "Ungo biyu. Sha, kar tsohon nan ya samu bakin yi miki tsiya."

Kyakimwa ta haɗiye su ba ruwa. Kafin su kai ƙofa maganin ya kwantar da jikin, bindigar Baba Tsongo ta nuna talatin da shida da ɗigo tara. Ta wanke hannu, ta goya Mbusa, ta yi aikinta. Washegari ma haka, ƙwaya biyu a kan tudu, lamba mai kyau a ƙofa.

Da rana ta take a wannan rana ta biyu, tana ba Mbusa kunu, maganin ya sake ta. Ta kai hannu bakin zane za ta ƙara, sai ta tsaya. Wani ɗaci ne ya taso mata a maƙogwaro, da wani nauyi a bayan idanu, da sanyi a cikin ƙashi. Ta san wannan. Ta san shi kamar yadda ta san ƙarar babur ɗin Nzanzu a cikin babura ɗari. Ta dubi gadaje goma sha ɗaya da ke jere, ta dubi ƙofa. Ta san in ta yi magana za a raba ta da yaron, a sake masa ƙirga daga ɗaya, gari kuma ya ce ashe masu warkewa ne suke yaɗa abin. Ta san in ta haɗiye biyu za ta kai yamma ba wanda ya sani.

Ta mayar da yaron bayanta, ta tura ƙofa da gwiwar hannu, ta fita tsakiyar fili inda babu komai sai jar laka.

"Baba Tsongo! Zo da bindigarka. Tsaya nan. Miƙo hannu kawai, kar ka matso."

Ya zo yana dariya. Ya auna. Ya girgiza na'urar ya sake aunawa. Dariyar ta ɗauke.

"Nawa?"

"Batir ne, 'yata."

"Baba, nawa?"

"Talatin da tara da ɗigo huɗu."

"Je ka kira Sista Lwanzo. Ka ce ta turo masu rigar leda."

Furaha ta hango su ta taga. Ta fito a guje, da wata yarinya mai shuɗin zare a bayanta, hannuwanta biyu a miƙe tun daga nesa. Ba tunani ta yi ba. Ta ga ƙawarta tana layi da goyo, hannun ya tafi da kansa.

"Kawo shi! Kawo shi in riƙe miki!"

"Tsaya nan!" Kyakimwa ta daka mata tsawar da ba ta taɓa yi mata ba. "Ke mahaukaciya ce? Wa ke bayanki? In kika ƙara taku ɗaya, wallahi ba ni ba ke."

Furaha ta tsaya. Taku biyar ne tsakaninsu.

"Zazzaɓin sauro ne, Kyaki. Ai mu ba ma sake kamuwa."

"To, in shi ne gobe ki yi mini dariya. Koma ciki ki tsare ƙofa."

Furaha ba ta koma ba, ba ta kuma matso ba. Masu rigar leda sai sun yi kusan minti arba'in kafin su gama shiri, ga hadari ya haɗo, aka fara yayyafi. Kyakimwa ta ja gefen zane ta rufe kan Mbusa. Daga inda take tsaye ta shiga lissafo wa Sista Lwanzo, wadda ke bayan igiyar da aka gitta don tsare mutane tana rubutawa, duk abin da ta taɓa tun jiya: bencin bakin taga, murfin tukunyar kunu, igiyar shanya ta hagu, famfon ganga. Ta ce a ƙone duk abin da ke da koren zare. Da ƙafafunta suka fara rawa, sai ta durƙusa ta dafa ƙasa da hannu biyu, don in ta faɗi kar ta faɗa a kan yaron. Haka suka zo suka same ta, a durƙushe cikin laka, Mbusa yana barci a bayanta. Da suka kwance shi ba ta juya ta dube shi ba.

Gwaji ya nuna ciwon ne. Likitoci suka ce ɓuya ya yi a jikinta ya dawo, abin da ba kasafai ake gani ba. A kwana na uku Mbusa ya yi zazzaɓi. Ko daga uwarsa ya ɗauko, ko daga bayan da ya goya shi, babu wanda ya iya faɗa, har yau. Kwana huɗu ya yi ya cika. Kakarsa ta zo bakin shinge da hantsi kamar kullum, Sista Lwanzo ta fita ta same ta.

Kyakimwa tana da sauran hankali a lokacin. Furaha takan tsaya a bayan tagar leda ta ɗakinta, su yi magana da ƙarfi.

"Yaya ɗana?"

"Yana nan. Ya sha kunu."

"Ya shanye?"

"Tas. Har da kukan ƙari."

"Ɗan dako," in ji Kyakimwa, ta lumshe ido. Can ta ce, "Na yi miki tsawa gaban mutane."

"Ai kin saba, Kwamanda."

"Ki ba ɓerayena ganye. Kar ki cinye mini su."

Furaha ta so ta yi maganar ƙwayoyin nan biyu, ta buɗe baki sau uku, ba ta iya ba. Kyakimwa ta cika ran kwana na tara, wajen la'asar. Shekararta talatin da ɗaya. Masu rigar leda suka binne ta kusa da Nzanzu da Neema, mutum shida suna kallo daga bayan igiya.

Aka sake wa sauran yaran ƙirga daga ɗaya. Kwana ashirin da ɗaya ana auna su safe da yamma, matan suna aiki ba mai ɗaga murya. Duka goma sha ɗayan suka fita a kan ƙafafunsu ko a bayan danginsu, babu wanda ya yi ko ɗumi. Yarinya mai shuɗin zare tana aji biyu yanzu, ba ta san komai game da taku biyar ɗin nan ba.

Har aka rufe gidan rainon, Furaha ce take fara isa ƙofa kowace safiya. Takan tsaya kusa da Baba Tsongo, wanda bai sake kiran kowa da sunan tsiya ba, ta sa kowace mace ta kwance bakin zanenta ta nuna, ta tambaye ta ko ta sha wani abu a hanya. Wadda ta ce ta sha, sai ta zauna a benci awa shida kafin a ɗora mata bindiga. Gwangwanin zaren yana wurinta. Koren ya kusa ƙarewa, ba ta bari a taɓa shi.