Yadda Na Sayar da Memuwar ɗin Ƙanena

Ni mutumin Tajaye ne, ɗan manomi, kuma ni na fara shiga lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu. Na kai har jami'a ina karatun kwamfuta, amma ban gama ba. Kaina yana ja, haƙurin zama ne ba ni da shi. Sai na dawo Konni na buɗe ɗan shago, ina buga takardu ina ɗaure littattafai. Ina samun na tuwo, amma kullum zuciyata tana ce mini tsarana sun wuce ni.

A shagon nan na san abin da ake nema kafin a ba ɗalibi digirin mastar a fannin kwamfuta. Bayan darussa, dole ya yi istaj, wato ya koyi aiki a wani kamfani har a ba shi shaida. Dole ya gina manhaja da hannunsa, ya rubuta littafi a kanta wanda ake kira memuwar, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa. Nan ne da yawa ke kasawa.

Da gyara wa wani babi ɗaya na fara. Wani ya zo ya ce, "Malam, rubuta mini duka kawai." Na rubuta. Wanda bai taɓa leƙa ƙofar kamfani ba, na sa aka sassaƙa hatimi na buga masa shaidar istaj. Daga baya rubutun ma ya gundure ni. Duk ɗalibin da ya kawo aikinsa in buga masa, sai in kwafe in aje. In sauya suna, in sauya launin manhajar, in sayar wa ɗan wata makaranta a wani gari. Na ce wa zai gane?

Ƙanena Harisu yana mastar a Tahoua. Shi yaro ne mai zama. Ya yi istaj a Malbaza, a wani kamfanin motocin dakon siminti, ya gina manhajar da ke tsara wa direbobi layin lodi don su daina faɗa. Kamfanin ya yi masa alkawarin aiki in ya kawo digirinsa. Ya zo shagona da aikin ya ce, "Yaya, buga mini ka ɗaure da kyau. Ban yarda da hannun kowa ba sai naka."

A lokacin akwai wani ɗalibi daga Yamai da ya matsa mini in samo masa memuwar, ranar kare aikinsa ta kusa, ni kuma hannuna babu komai. Na tashi, na zauna, na fita, na dawo. Ƙarshe na tura masa na Harisu.

Na manta abu ɗaya. Malaman kwamfuta ba su da yawa a ƙasarmu, malami ɗaya yakan zagaya makarantu. Wanda ya saurari ɗalibin Yamai shi ne ya zo Tahoua sauraron Harisu. Innarmu ta taso daga Tajaye da ƴan uwa da kwanukan abinci, yadda ake yi ranar kare aiki. A gabansu malamin ya tsayar da shi ya ce ya riga ya ga wannan aikin.

Harisu ya kira ni yana kuka. "Yaya, sun ce na yi sata." Na ce ya yi haƙuri, gaskiya za ta fito. Wallahi haka na ce masa, ban kuma gaya masa ni na sayar da aikin ba. Ko babur ya tsaya a ƙofar shago sai in ɗauka ni aka zo kamawa.

Da bincike ya yi nisa aka titsiye ɗalibin Yamai, ya kasa bayanin manhajar, ya faɗi sunana. Jandarma suka zo shagona suka tarar da hatiman a aljihun tebur. Alƙali ya tura ni gidan kaso.

An wanke Harisu, amma kafin digirin ya fito kamfanin ya gaji da jira ya ɗauki wani. Ya zo ganina a kaso, muka zauna. Ya ce, "Yaya, ka ga shafin godiya kuwa?" Na gani. Sunana ne ke bin na iyayenmu, ya rubuta cewa ni na koya masa kunna kwamfuta. A kwafin da na sayar, da hannuna na goge sunan nawa na sa sunan uban wancan ɗalibin. Na ce, "Na gani." Ya gyaɗa kai ya tashi.

Yanzu na fito, na tuba ga Allah, ina noma a Tajaye. Harisu yana gyaran waya a tashar Malbaza. Ya ce ya yafe mini, amma har yau ban iya barci mai nauyi.

Samari, in karatu ya yi muku wuya ku maimaita shekara, kada ku sayi aikin wani, kada ku sayar. In aka ba ku amanar aiki ku mayar da shi yadda aka ba ku. Ni ma na ɗauka baƙi kawai nake cuta, mutanen da ba zan taɓa ganin fuskarsu ba. Wanda na karya uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.