Kawu Ɗan Ingila da Tukunyar Jego

Na fi shekara ina juya wannan rubutu a raina. In na ɗauki biro sai in ajiye, domin karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi wani abu a kan mamata wanda ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakinsu. Amma makon jiya na tafasa citta saboda mura, tururin ya bugi fuskata, sai na gan ni a Guangzhou ina 'yar shekara tara, tsaye a bakin kicin. Inda na kuskure, Allah Ya yafe mini.

A ƙarshen shekarun 1990 ne. Baba yana sarin tufafi a kasuwar Baima da takalma a kasuwar Zhanxi Lu yana aikawa Kano, mu kuma muna zaune a unguwar Liwan, a hawa na biyar na wani tsohon bene. Da cikin Umma ya tsufa, sai aka ɗauko mahaifiyarta daga Kano don ta yi mata jego. Ita ce Kaka. Ba a daɗe ba sai ga yayan Umma, wato Kawu, ya iso daga Ingila. Shekara goma sha biyar ya yi a can yana tura gadon marasa lafiya a wani asibiti, ya gaji, ya zo ya koyi fatauci a wurin Baba.

Kawu ya baro Ingila, amma Ingila ba ta bar shi ba. Kwanansa biyu ya lilliƙa takardu a gidan da rubutun Hausa. A jikin tukunyar gas: a kashe kafin a fita. A jikin taga: ba a leƙe. Ba a hawa kujera don sauya ƙwan lantarki sai da mai riƙewa. Wuƙa kuwa ya mai da ita saman kabad inda ko Umma sai ta yi ɗage. Yakan ba mu labari cewa a can ko shayi ka saya, a jikin kofin an rubuta cewa da zafi, kuma ya taɓa sayen ƙullin gyaɗa ya ga an rubuta a yi hattara, akwai gyaɗa a ciki. Shi da gaske yake faɗa, don yabo. Kaka ta yi dariya har ta share hawaye.

"To da me suke zaton za su tarar, ƙwan zabi?"

Ni kaɗai ce nake bin dokokinsa sau da ƙafa. Tun ina ƙarama haka Allah Ya yi ni, mai fargaba. Nakan koma in taɓa tukunyar gas sau uku ko da na ga an kashe.

Umma ta haifi 'ya mace a lokacin nan da garin yake jiƙewa ba tare da ruwan sama ba. Wanda ya zauna a can ya san shi. Bango yana gumi, madubi yana hazo, wanki ya kwana uku bai bushe ba, daɓen gida kuwa santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. A cikin wannan santsin Kaka take tafasa ruwan wanka a babbar tukunya safe da yamma, ta naɗe hannu da tsumma, ta ɗauko ta daga kicin zuwa banɗaki. Taku goma sha biyu ne. Na ƙirga.

Kawu ya gani a rana ta farko, ya yi magana. Kaka ta ce maza ba sa shiga sha'anin jego. Rana ta biyu ya fito da ma'aunin zafi daga jakarsa zai tsoma a bokiti, ta kaɗe masa hannu.

"Kai likitan bokiti, haihuwa tara na yi, kai ne na fari. Da wannan ruwan na tashi na goya ka."

Rana ta uku sai ya bi ta bayan gida. Kaka ta sauke tukunya ta tafi ɗauko zani, shi kuwa ya yi sauri ya kwashe rabin ruwan ya cike da na famfo. Ina tsaye ina kallo. Ya sa yatsa a baki, na gyaɗa kai. Da aka fito daga wanka Umma tana rawar ɗari, Kaka ta dube ni.

"Ƙawata, wa ya taɓa mini ruwa?"

Na dubi ƙasa. Na tuna malamin Islamiyyarmu ya ce mai ƙarya ba ya jin ƙanshin Aljanna. Na kuma tuna na gyaɗa wa Kawu kai, wato na yi alkawari. Sai kawai na fashe da kuka, kukan ya faɗi abin da bakina bai faɗa ba.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwanta cikin jaka. Ta ce a gaya wa mai gidan ya nema mata jirgi, tun da ɗan da ta haifa ya fi ta sanin jego, sai ya ƙarasa. Baba ya dawo daga kasuwa ya tarar da haka, amma suruki ne, ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa yana ta cewa a yi haƙuri, bai san ma wa yake ba haƙurin ba. Umma tana kwance da jaririya ta juya fuska bango. Kwana uku da haihuwa, a ƙasar da ba ta da kowa, uwarta za ta tafi.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa. Tsohuwar da ta ba mu hayar gidan ce, 'yar ƙasar, mai zama a hawa na ɗaya. Ta hau benen nan duka da ƙullin busasshen ɓawon citta a hannu, domin ashe su ma da shi suke dafa wa mai jego ruwan wanka. Ta wuce banɗaki kamar gidanta, ai kuwa gidanta ne, ta tsoma hannu a sauran ruwan, ta yamutsa fuska.

"Mei yo! Mei yo!"

Wannan kalma ko ni na san ta, babu ke nan. Babu zafi. Kaka ta fito, ta nuna Kawu da haɓa. Tsohuwar ta juyo kansa ta yi ta zuba masa faɗa da yarensu, Kaka tana amsawa da "Gaya masa dai!" Ba mai jin yaren wata, amma ban taɓa ganin mutum biyu sun fahimci juna kamar su ba.

Kawu ya bari suka gama. Sannan ya durƙusa a gaban Kaka, a kan jiƙaƙƙen daɓen. Ya ce a asibitin da ya yi aiki ya taɓa tura wata tsohuwa da ta zame da tukunya a hannu. Bai faɗi yadda ta koma ba, ya dai ce tun daga ranar in ya rufe ido fuskar mahaifiyarsa yake gani a kan gadon.

"Inna, shekara goma sha biyar ban sa ki a ido ba. Ban zo don in ga kin ƙone ba."

Kaka ta dube shi. Can ta ce, "To da ka faɗi haka, bakinka ciwo zai yi? Sai ka zuba wa ƙanwarka ruwan sanyi?"

A nan aka raba aiki. Zafin ruwa na Kaka ne, da gwiwar hannunta take aunawa, ba mai sa baki. Ɗauka kuwa ta Kawu ce. Kwana talatin da bakwai, safe da yamma, yakan goge daɓen da tsumma, ya sa safar hannu mai kauri, ya kore ni can ƙuryar falo, ya ɗauko tukunya yana kiran "Hanya! Ruwan zafi!" alhali ba kowa a hanyar. Ya ajiye a bakin banɗaki ya juya baya. Saboda wankan yamma yakan baro kasuwa da wuri, har fataken Kano da na Maraɗi suka sa masa suna ungozoma. In sun tsokane shi sai ya ce, "Ungozoma dai ba ta taɓa ƙona kowa ba." Har aka yi arba'in ko ɗigo bai zuba ba, Kaka kuma ta ƙara wata biyu a kan abin da ta yi niyya.

Kaka da Kawu dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Na ji likitoci yanzu suna jan kunne a kan ruwa mai tsananin zafi da yawan kunun kanwa, don haka kada wani ya ce na ba shi shawara. Ni labari na bayar.

Jaririyar nan ita ce yanzu take aure a Ingila, cikinta ya kusa wata tara. Ƙafafun Umma sun ƙi, don haka ni aka turo. Ga ni a gidanta ina rubutun nan. Famfonsu ba ya ba da ruwan da ya wuce ɗumi, an ɗaure shi haka. Shekaranjiya na gwada tafasa babbar tukunya, wani abin gargaɗin gobara a rufin ɗaki ya kama ihu har maƙwabciya ta leƙo. Umma ta bugo waya ta ce in yi yadda Kaka ta yi. Mijin ƙanwata ya kawo mini takardun asibiti ya ce in bi su. Ni kuma ba na son in saɓa wa kowa, ba na kuma son in cutar da yarinyar da aka ba ni amana.

Don Allah, in akwai wadda ta taɓa yi wa wata jego a wannan ƙasa, ta sanar da ni yadda ta yi, da abin da ta riƙe da abin da ta bari. Saura mako uku ta haihu.