Yayen da ba a shirya ba

Shekarar da cutar korona ta zo, ina aikin shara a wani ƙaramin asibiti a Wurno. Da goyona nake zuwa, ɗiya mace, ko rarrafe ba ta gama koya ba. In ta yi kuka in jingine tsintsiya, in zauna gindin dogon yaro in ba ta nono.

Wata safiya babbar ma'aikaciyar jinya ta kira ni gefe.

"Uwar goyo, daga gobe ba a shigowa da jariri. Ko ki aje ta gida, ko ki aje tsintsiya."

Ba da faɗa ta faɗi ba. Ita ma idonta ya yi ja.

Maigidana ɗan kabu-kabu ne, kuma lokacin fasinja ya yi wuya. Aikin nan shi ka riƙe da tukunyarmu. Sai na ɗauki yarinyar na kai wa Innata a Taloka.

Inna ta dube ni. "Mi kika kawo mini? Yaye? Wagga da ko haƙori babu?"

"Kwana kaɗan ne, Inna."

A wurinmu yaye sai yaro ya yi tafiya, a karɓo mishi rubutun sha wajen malam, a dama kunu, a kai shi gidan kaka ana dariya. Ni da duhun fuska na bar tawa, tana barci.

Ban koma duba ta ba. Tsoro nake in kwaso cutar in kai wa tsohuwa. Nono ya cika har zazzaɓi, in zagaya bayan ɗakin haihuwa in tatse a ƙasa, in tura rairayi da ƙafa in rufe.

Mutane sunka daina zuwa asibiti don tsoro. Da damina ta kama, anka sallame mu, mu da ba a ɗauka dindindin ba.

Ranar na hau mota sai Taloka. Na iske ɗiyata tsaye, riƙe da turmi. Na miƙa hannu, ta tsala ihu ta shige zanen Inna.

"Ja'ira, uwarki ce fa," in ji Inna.

Da ta lafa na ɗora ta a cinya, na ba ta nono. Ta kau da kai. Na matsa da yatsa in nuna mata, babu abin da ya fito.

Inna ta miƙo mini ƙoƙon kunu. "Ba ta wannan. Shi ta sani."

Na karɓa. Sai da Inna ta riƙe ludayin sannan yarinyar ta buɗe baki.