Kyandir Huɗu na Mama Saratu

Duk wanda ya yi zamani da ni a Zumuntar Ɗalibai ta Umdurman ya san cewa ni Danjuma ban taɓa jin tsoron jarrabawa ba. Jarrabawa ce ke ganina ta canza hanya. Na sha faɗa muku, kaina fitila ce da Allah Ya kunna da hannunSa, ba ruwanta da kananzir. Mutum ɗaya ce tak a duk ƙasar Sudan ta ƙi yarda da wannan magana, ga shi kuwa makon nan aka aiko mana cewa ta huta. Mama Saratu nake nufi, wadda maƙwabta ke kira Habboba, wato kaka.

Saboda waɗanda suka zo bayanmu, bari in gabatar da ita. Matar marigayi Malam Bitrus ce, mai bishara daga ƙasar Bauchi, wanda ke kula da mu 'yan tsirarun ɗalibai Kirista da muka je karatu Khartum daga Najeriya. Da ya rasu aka ce ta koma gida, ta ce ba inda za ta. Ba wanda ya naɗa ta a kan aikinsa, ba kuma wanda ya isa ya sauke ta. Wurin zumuntar tamu ɗaki ɗaya ne a bayan wani ɗan ƙaramin coci, da bencuna, da tukunyar shayi, da ita.

To, kun san al'adar makonni huɗun nan na jiran Kirsimeti. Ana jera kyandir huɗu: Lahadin farko a kunna ɗaya, na biyu a kunna biyu, a haka har a cika. Ko'ina a duniya sababbi ake saye duk shekara. Ban da wajen Mama. Nata huɗun nan su ne dai waɗanda Malam ya zo da su tun ranar da suka sauka Sudan, kauri kamar damtsen jariri, kuma na rantse har na shiga shekarar ƙarshe ta karatu ba su san suna tsufa ba. Dabarar ita ce, ba ta kunna su sai an fara addu'a. Ana cewa amin, kafin ka buɗe ido ta lashi yatsu biyu ta tsuke lagwani, tsit! Idan ka yi ƙorafin duhu sai ta ce, "Jira ma ibada ce."

Wanda ya fi shan wahala da wannan doka shi ne Yohanna, ɗan ajinmu mai doguwar addu'a. Shi in ya ce "bari mu yi addu'a", sai ka gyara zama kamar mai tafiya Kano a mota. Wata Lahadi, jarrabawa ta ƙarato, ya fara daga Adamu da Hauwa'u, ya biyo ta kan malamanmu ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon Allah Ya tausasa zuciyarsu wajen duba takarda. Na buɗe ido ɗaya, sai na ga Mama ma ta buɗe nata ɗaya, tana kallon kakin da ke gangarowa kamar jininta ne ke zuba.

Yohanna na jan numfashi zai ɗora, sai muka ji, "Amin!" Tsit, duhu.

"Mama, ai ban kai kan marasa lafiya ba."

"Allah Ya san gadon kowa. Gobe da rana ka ƙarasa, hasken rana ba nawa ba ne."

Lokacin kuwa mulkin soja ne, ko'ina ana tare mutane ana duba kaya. Wata rana Mama ta naɗe kyandir ɗinta a tsumma, ta ce in raka ta unguwar Alsahafa mu yi addu'a da wata ɗaliba da zazzaɓi ya kwantar. A dawowa magariba ta same mu a tashar Suk al-Arabi muna jiran hafila, motar da za ta ƙetarar da mu Umdurman, ga shi an ɗauke wuta. Sai wani soja, dogo har sai ka ɗaga kai, ya ce a buɗe jaka. Ya leƙa bai ga komai ba don duhu, ya lalubo kyandir ɗaya, ya zaro ashana.

Ji kake fat! Mama ta make masa hannu.

"Ajiye, ɗan nema! Wannan na mako na huɗu ne!"

Ni dai na tsaya a wurin kamar zaki. Mama ta riƙa ba da labari daga baya wai a bayan wata mai shayi ta tsinto ni, amma kun san tsufa da mantuwa. Sojan ya dubi hannunsa, ya dubi tsohuwa, sai ya tuntsire da dariya, ya ce da Hausa raɗau, "Malesh ya Habboba, yi haƙuri. To wanne ne na yau?" Ashe ɗan unguwar Hajj Yusuf ne, kakanninsa Hausawa ne da hanyar Makka ta ajiye a Sudan.

Ta miƙa masa na farko. "Wannan. Amma ba a kunna shi a banza, sai da addu'a."

"Habboba, ni fa Musulmi ne."

"To Musulmi ba ya addu'a? Yi taka, amma a taƙaice."

Bawan Allah ya kunna, ya ɗaga hannu ya yi 'yar addu'arsa, yana shafawa ta tsuke lagwani. Jaka dai ba a duba ta ba. Shi ya ɗauka mata har cikin mota, yana cewa sak kakarsa.

Yanzu ga inda maganar take. A shekarata ta ƙarshe a sashen haɗa magunguna, akwai wata takarda da na riga na taɓa faɗuwa. Ba laifin fitilar kaina ba ne, a lokacin ne aka mai da koyarwa cikin Larabci, ni kuwa Larabcina na sayen wake da burodi ne. Dama ɗaya ta rage mini. Idan na sake faɗuwa, cocin da ke ɗaukar nauyina zai janye, in koma Jos hannu rabbana, alhali mahaifina ya gama shelanta wa dangi cewa likita na tafe. Kuma kun san Sudan, Lahadi ranar aiki ce kamar kowace. Takardar ta faɗo a Lahadi ta uku ta jiran Kirsimeti. Asabar da safe ina da wata, saboda haka yammacin Asabar ɗin nan kaɗai ya rage mini in bi babin da ya kayar da ni.

Sai ga wuta ta yi kwanaki ba ta dawo ba. Kananzir ya zama labari, kyandir kuwa na bi kantunan unguwa kaf, duk an kwashe. Bayan magariba na rungumi littafi na nufi ɗakin zumunta, na tarar da Yohanna da wasu sun taru don addu'ar yamma. Kyandir biyu na ci, don mako na biyu muke. Ana cewa amin na riƙe hannun Mama kafin ya kai baki.

"Mama, yau dai ki bar mana su. Ki ma ƙara na uku, rubutun nan sai ka ce tururuwa."

"Lahadi ta yi?"

"Ai a lissafin Littafi Mai Tsarki, rana da faɗuwar rana take farawa. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke ƙirgawa. Yanzu haka cikin Lahadi muke!"

Yohanna ya ce, "Gaskiya ne, Mama, yana cikin Farawa."

"Ni a Bauchi aka yi mini baftisma," in ji ta. "Lahadina da carar zakara take farawa. Jira ma ibada ce."

Na nemi barkwancin da zan mayar mata, na rasa. Ku da kuka san ni kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na zauna a benci, na rufe littafi, na yi tagumi. Mama ta daɗe tana dubana ta cikin ɗan hasken nan.

"Danjuma, bakinka lafiya?"

"Lafiya, Mama."

"In ka faɗi wannan fa?"

"Sai gida."

Ta tsuke biyun nan, ta kwashe su ta fita, ta bar mu cikin duhu. Na ce shi ke nan, an gama da ni. Can sai ga ta da wuƙar girki da ta gasa a garwashin shayi. Ta shimfiɗa kyandir na farko a tebur, ta shiga yanka shi gunduwa-gunduwa, tana feƙe kan kowane gutsure don lagwani ya fito. Ta jawo na biyu ta yi masa haka.

Yohanna ya miƙe tsaye. "Mama! Na Malam ne fa!"

"Ni ce ban sani ba? Zauna."

Ta jera gutsattsarin kewaye da littafina, ta bi su ɗaya ɗaya da ashana. Ɗakin nan ya haske kamar gidan biki, har tururuwar nan ta koma rubutu. Na ce, "Mama, ashe dokar ta karye?"

"Wace doka? Kyandir nawa na kunna? Biyu. Ga na uku da na huɗu can a tsumma, suna jiran ranarsu. Buɗe littafi."

Ta ja kujera ta zauna kusa da ni da muciya a hannu. Da na ɗago kai zan yi magana sai in ji ƙwas a gwiwa. "Kowace kalma ka furta, gumin Malam take ci." Ban taɓa yin shiru mai tsawo haka ba tun da aka haife ni, har yau ma ban sake ba. Kafin in kai ƙarshen babin, abin da ta yi shekara da shekaru tana tattali ya narke ya kwanta a tebur.

Da safe na biya a yi mini addu'a kafin in wuce. Sai na tarar ta kankare kakin nan kaf, ta narka shi a gwangwanin madara biyu, ta zare zare daga bakin zanenta ta yi lagwani. Ga gwangwanaye biyu a karkace, ga na uku tsaye a gefensu kamar soja. Ta kunna duka ukun, ta ce, "Yanzu Lahadi ta yi." Ta ba Yohanna addu'a, kuma ranar nan ta bar shi har ya kai kan marasa lafiya.

Na ci jarrabawar. Wasu na cewa da ƙyar da jiɓin goshi, amma masu hassada ba sa ƙarewa. Waɗanda suka kula da ita a tsufanta sun ce har ƙarshen ranta gwangwanayen nan biyu take jerawa duk shekara, ko an kawo mata sababbi sai ta bai wa ɗalibai su yi karatu.

Ya Ubangiji, baiwarKa Saratu ta gama jira. Ta tsare mu a ƙasar da ba tamu ba, ta ƙona abin da ya rage mata na mijinta don ɗan wani ya ga rubutu. Ka karɓe ta, Ka zaunar da ita kusa da Malam Bitrus, inda haske ba ya ƙarewa balle a tsuke shi. Amin.

Na ji wani a cikinku na tambaya ko na yi mata godiya. Na je mana! Ranar da sakamako ya fito na shiga ɗakin nan ina taku ɗaiɗai, na buga ƙirji na ce, "Mama, ba na faɗa miki kan nan fitila ce ba?" Ko ɗago kai ba ta yi daga tukunyar shayi ba, ta ce, "Fitila ce mana, ɗana. Irin wadda sai an kunna mata kyandir ake ganin inda take."